Kunnena Ya Tsaya a Kwabo Bakwai

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Faith ta dawo! Jikata ta dawo, da ƙafafunta ta shigo gidan nan! Ina zaune gindin mangwaro ina gyaran ƙotar fartanya sai na ji matata Fure ta saki tsintsiya tana kiran sunan Yesu. Na ɗaga kai, ga ta a bakin ƙofa, mahaifinta Joshua yana riƙe da kafaɗarta. Kwana goma sha tara tun da aka ɗauke ta. Ba zan rubuta komai a kan kwanakin nan ba, ko a cikin littafin nan. Ta rame, zanin da ke jikinta ba nata ba ne, amma ita ce.

Layin ya karkace. Malamin da ya koya mana rubutu a ajin yamma, ina da shekara hamsin da biyu, ya ce kullum a fara da rana da lokaci. Yau saura kaɗan in manta.

Na ce mata, “Amarya, haka ake yi? Ki bar mijinki babu ko sallama?” Wasanmu ke nan tun tana goye. Da can sai ta ce, “Tsoho, wa zai zauna da mai haƙori huɗu?” Yau ta dube ni kawai, ta juyo da gefen fuskarta na dama, ta ce, “Me ka ce, Kaka?” Na ce babu komai, sannu da zuwa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Allah.

Laraba, 4 ga Satumba, tsakar rana

Gida ya cika tun da safe. Fasto ya zo, matan zumunta sun zo. Maƙwabcina Alhaji Maigandi ya shigo da kaza a hannu, ya zauna kusa da ni, kamar yadda ya yi kullum a kwanakin nan. Shekara talatin muka yi muna awon hatsi a rumfa ɗaya a kasuwa, ba sai mun yi magana ba.

Duk wanda ya shiga wurinta sai ya ce, “Sannu Faith, kin ji? Ki yi haƙuri, kin ji?” Haka muke magana, ba wanda ya nufi komai. Amma na lura, duk sanda aka ce “kin ji” sai ta sunkuyar da kai.

Ta ci tuwo kaɗan.

Juma'a, 6 ga Satumba, ƙarfe uku

Mun je asibiti. Likita ya ce ƙara mai ƙarfi ce ta tashi dab da kunnenta na hagu. Ya tambaye ta ƙarar me, ta dubi bango. Na fita na tsaya wurin masu keke napep.

A hanya Joshua ya gaya mini sauran. Na hagu kusan babu. Na dama yana nan, amma siraran sautuka sun tafi, ko su dawo ko kada su dawo. Ita kuma ta ce akwai gyare a cikin kanta, ba ya hutawa.

Joshua yana so ya tafi da ita Ibeto, inda yake noma. Ya ce, “Baba, gona ba ta tambayar kunne.” Na ce a bari ta huta tukuna.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan sujada

Ba ta je coci ba. Ba ta buɗe ɗakin ba.

Litinin, 9 ga Satumba, da hantsi

Na ɗaure akuyar Fure a turken da shanu suka bari. Ba ta son wurin, sai kuka take yi.

Bari in rubuta game da ɗakin, tunda shi nake kallo duk yini. Yana kusa da rumbu, da can wurin ajiye taki ne. Shekara huɗu da suka wuce Faith ta liƙa masa soso da kwalin ƙwai a bango, ta sa kwamfuta da sifika biyu, ta ce situdiyo ne. A nan take yin kiɗan kwamfuta. Babu ganga, babu mai garaya, komai daga cikin injin yake fitowa, ita ke gina shi da yatsunta, sannan ta ɗora muryoyin mutane a kai ta daidaita su. Daga Bangi, daga Ibeto, har daga Minna ana kawo mata aiki. Takan ce, “Kaka, wasu ido suke da shi, ni kunne aka ba ni.”

Akwai aikin da ta bari a ciki. Kafin tafiyar nan ta ɗauki muryoyin matan zumunta, da tulun da suke bugawa da cakin da suke girgizawa, za ta haɗa da nata kiɗan domin ranar mata, Lahadin ƙarshen wata. Shugabarsu Mama Cecilia ba ta tambaya ba, Allah ya saka mata.

Alhamis, 12 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Ta buɗe ɗakin! Na ji ƙarar kwaɗo, na yi kamar ina duba akuya. Jim kaɗan ta leƙo ta ce, “Tsoho, zo ka ara mini kunnenka.” Tsoho ta ce, ba Kaka ba. Na kusa faɗuwa da sauri.

Ta zaunar da ni a tsakiya, tsakanin sifikun. Ta ce aikina ɗaya ne, in saurara in faɗi gaskiya. Ta kunna. Kiɗan ya tashi daga ƙasa kamar ana daka a gida uku, matan suka shigo, na ji muryar Fure a cikinsu. Ta yi ta murɗa abubuwa tana cewa caki ya nutse, ba ta jin caki. Ta ƙara, ta ƙara. Ta ce, “Yanzu fa?” Na ce ya yi daɗi. Da gaske ya yi mini daɗi.

Ni Ladan, mai shekara saba'in da huɗu, na zama kunnen situdiyo.

Asabar, 14 ga Satumba, da yamma

Kwana uku muna aiki. Tana cin abinci sosai. Fure tana ta sakin fuska a gabanta, amma da zarar an kunna sai ta kwashe kayan girkinta ta koma bayan rumbu. Na tambaye ta dalili, ta ce hayaƙi ne. Wane hayaƙi?

Litinin, 16 ga Satumba, ƙarfe biyar

Mama Cecilia ta zo jin waƙar. Faith ta ba ta kujerata, na tsaya a bakin ƙofa. Da aka kunna, sai na ga hannun Mama Cecilia ya tashi zuwa kunnenta, ta kama kanta, ta mayar da shi kamar ɗankwali take gyarawa. Da aka gama ta ce, “Ya yi kyau, 'yata. Allah ya yi albarka, kin ji?”

Faith ba waƙar take saurara ba, matar take kallo.

Bayan ta tafi Faith ta kira Fure. Ta ce, “Kaka Fure, don girman Allah, me kike ji?” Fure ta yi ta juya bakin zaninta, can ta ce, “Cakin nan, 'yata, kamar ana tsira wa mutum allura a kunne.”

Ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kowa zai iya tausaya mini ya yi mini ƙarya. Kai na zaɓa domin na ɗauka ba za ka yi ba.” Na ce ban yi mata ƙarya ba. Ta juya mini kunnen hagu.

Talata, 17 ga Satumba, da safe

Ba ta buɗe ɗakin ba.

Laraba, 18 ga Satumba, ƙarfe biyu

Philip ya zo, wanda yake da situdiyo kusa da tasha. Tare suka koyi aikin nan, kullum suna faɗa a kan wa ya fi wani. Ita ta kira shi. Ta ce ya zo ran Asabar ta sama, 28 ga wata, ya kwashe kayan ɗakin duka, ya ƙarasa waƙar matan in zai iya, ita za ta bi mahaifinta Ibeto. Philip ya ce, “Haba Faith, ki bari mana a ga yadda—” Ta ce, “Ka zo da keke. Sifikun suna da nauyi.”

Da zai fita ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Baba, ba ni na nema ba.” Na ce na sani.

Idan ɗakin nan ya koma wurin taki, wadda ta shigo mini ran Talata ba ita za ta zauna a Ibeto ba. Ban san yadda zan rubuta shi ya fi haka ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, tsakar rana

Ruwa tun safe. Ta ci kaɗan. Ba ta yi mini magana ba.

Ban yi mata ƙarya ba.

Asabar, 21 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya

Yau na tare ta a bakin rijiya. Na tsaya ta gefen dama na ce, “Ki tafi Ibeto in kina so, amma ba za ki tafi da sunana maƙaryaci ba. Abin da na ji shi na faɗa.” Sai ta ajiye guga ta ce, “Zo.”

Ta buɗe ɗakin, ta fito da wani hoto a fuskar kwamfuta wanda ban taɓa lura da shi ba. Ta ce sunansa sifektiram, yana nuna sauti da ido. Idan kiɗa yana tafiya sai ka ga tsaunuka suna rawa. Na hagu masu kauri ne, su ne tulu da bugun ƙasa. Na tsakiya muryoyi. Na dama sirara, nan caki yake zaune. A ƙasa an jera lambobi. Ni da nake alfahari da karatuna sai na sa yatsa ina karantawa da ƙarfi: hamsin, ɗari, ɗari biyar. Daga nan na ga 1k, 5k, 10k. Na ce, “Kwabo ɗaya, kwabo biyar, kwabo goma.”

Ta ce, “Me ka ce?” Na maimaita. Sai bakinta ya motsa, ta kama ciki, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Rabon da in ji dariyar nan tun watan jiya. Ta ce, “Tsoho, dubu ne! Dubu goma ne, ba kwabo ba!” Na ce a ajin yamma k kwabo ne, kuma ban ga wanda ya zo ya canza ba.

Ta share hawaye ta ce to, mu bar shi a kwabo. Ta ce za ta saki fito guda ɗaya, zai fara da kauri ya yi ta sirancewa, in ɗaga hannu idan ya ƙare. Na ga wani tsini yana tafiya daga hagu zuwa dama. Ina ji, ina ji, ya zama kamar kukan sauro, sai shiru. Na ɗaga hannu na ce, “Kin kashe.”

Ba ta kashe ba. Tsinin ya kai kan kwabo bakwai, yana ci gaba da tafiya. Daga bayan rumbu Fure ta ƙwala kira, “Ku kashe fiton nan, ya isa haka!” Ita tana jin sa har kwabo goma sha ɗaya.

Faith ta ce, a hankali, “Nawa a shida yake tsayawa.”

Caki yana zaune tsakanin kwabo shida da goma sha biyu. Ita ba ta jin sa sai ta ƙara, ni ba na jin sa sai in ce ya yi daɗi. Kwana uku kurame biyu suna tsira wa unguwa allura, kowa yana jin nauyin faɗa.

Ta kama hannuna ta ce, “Yi haƙuri, Kaka.” Na ce ba komai. Amma ba ta fasa ba. Ta ce yanzu ma ta ƙara tabbata, tunda kunnen da ta ara shi ma hudajje ne.

Yaushe nawa ya tafi? Ban ji tafiyarsa ba. Na ɗauka tsuntsaye ne suka ragu a garin nan.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan azahar

Jiya a coci ban ji wa'azi ba, ina tunanin abin da na rubuta, cewa ban ji tafiyarsa ba. Ya tuna mini da wani abu. Da safe na shiga wurin Alhaji Maigandi na ce ya ara mini mudun ƙarfen nan. Na mahaifinsa ne, mai kauri, ba a awo da shi, ajiye shi ake yi. A zamaninmu duk ranar kasuwa, kafin mu auna wa kowa, sai mu cika mudunmu na aiki mu juye a cikinsa mu gani. Alhaji ya ce, “Ladan, awo za ka koma da tsufa?” Na ce darasi zan bayar. Ya ce, “Kai da ka shiga aji da furfura, yanzu har ka zama malam.”

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, na ɗauko tsohon muduna da kwanon gero. Na cika nawa, na shafe baki da tafin hannu, na ce ta duba, ya cika? Ta ce ya cika. Na juye a na ƙarfe. Ya rage kusan faɗin yatsa.

Na kifa nawa na nuna mata gindinsa, ya loɓa ciki kaɗan. Na ce, “Ban san ranar da ya loɓa ba. Mudu ba ya gaya maka. Hannuna ya san nauyin mudu fiye da sunan 'ya'yana, amma shekara talatin ban taɓa fara awo ban gwada da wannan ba. Kuma ban jefar da nawa don ya loɓa ba. Na san abin da yake ragewa, sai in cika.”

Ta shafa gindin mudun da yatsa. Can ta ce, “Rafarans ke nan.” Ta ce masu aikinsu suna ɗauko waƙar da aka riga aka gama, wadda kowa ya yarda ta zauna daidai, su ajiye ta kusa da tasu suna gwadawa. Philip ba ya aiki sai da rafarans. Ta ce, “Na sha yi masa dariya, ina ce masa mai sandar makaho.” Na ce to, yanzu ga makafi biyu, ina sandar?

Ta ɗauki mudun ƙarfen ta shiga da shi ɗakin.

Talata, 24 ga Satumba, ƙarfe sha biyu

Ta zaɓi waƙar matan ta bara. Su ne dai, tulunsu ne, cakinsu ne, kuma ita ta haɗa ta lokacin kunnuwanta biyu suna nan. Ta ce ba za ta auna kanta da baƙo ba.

Ta jera su, ta bara a sama, ta bana a ƙasa, tana danna wannan ta danna wancan. Ba a yi minti biyar ba ta ture kujera. Ta ce, “Ka ji? Ta bara tana da rai, ta bana gawa ce. Wancan hannun ya tafi.” Ni ma haka na ji, ta bara ta fi cika ɗaki. Amma idona yana kan wasu sanduna biyu a gefe masu hawa da sauka, na ga ta bara kullum ta fi tsawo. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce ƙarfin ƙara ne.

Na ce, “Amarya, wannan mudun an yi masa tozo, wancan an shafe masa baki. Wa ya koya miki awo haka?”

Ta dubi sandunan, ta dafe goshi. Ta ce ta sani, abin da aka fara koya musu ke nan, duk wadda ta fi ƙara ita kunne zai ce ta fi daɗi. Tsoro ne ya mantar da ita. Ta rage ta bara har sandunan suka yi kai ɗaya. Da ta sake dannawa, sai gawar ta zama ba gawa ba.

Sannan ta ɗora tsaunukan biyu a kan juna, na bara farare, na bana kore. A hagu suna tafiya tare kamar shanun huɗa. A tsakiya ma haka. Daga kwabo shida kuwa sai koren ya miƙe sama shi kaɗai kamar hasumiya. Muka zauna muna kallon allurar da ba ma ji.

Ta fara jawo shi ƙasa.

Laraba, 25 ga Satumba, da yamma

Yau ta yi kuka, na farko da na gani tun dawowarta.

Koren ya kwanta kusa da farin. Ta kunna ta saurara, ta ce a kunnenta kamar an lulluɓe waƙar da bargo. Hannunta ya yi ta komawa wurin ƙarawa, tana janye shi. Ta ce, “Kaka, ka gane? In ta yi mini daɗi, ta lalace. In ta yi daidai, ni ba zan ji daɗinta ba. Haka zan yi ta yi har in mutu?”

Ban ce mata zai dawo ba, tunda likita bai ce ba. Na ce ta kunna ta bara. Ta kunna. Na ce, “Ita fa?” Ta ce ita ma bargo. Na ce, “Amma kin san ba bargo a kanta. Kin ga yadda matan suka yi rawa bara.” Ta ce ta gani.

Muka zauna har hadari ya taso, ta kashe komai.

Saura kwana uku.

Alhamis, 26 ga Satumba, ƙarfe ɗaya

Ta wuce gona da iri. Ta bi layin bara tudu da kwari har koren ya ɓace a bayan farin, sai muryoyin suka zama kamar daga cikin randa. Ko ni na ji, tunda muryoyi a kwabo biyu suke, nan kuwa kunnena garau ne. Ta ce ai layi ya hau layi. Na ce gero da masara ba sa kwanciya iri ɗaya a mudu. Bana mata sun fi yawa, kiɗanta ya fi sauri. Ta ce, “Tsoho, ka fara damuna.” Ta mayar da tsakiyar yadda kunnenta ya so, ta bar layi ya yi mata jagora a dama kawai, inda ba ta ji.

Sai ta fita ta kamo hannun Fure. Fure tana cewa miyarta za ta ƙone, ita me ta sani a kwamfuta. Faith ta zaunar da ita a kujerata ta ce, “Ke ce mai kwabo sha ɗaya. In ya tsire ki, ɗaga hannu. Kada ki tausaya mini.” Fure ta ɗaga sau biyu, duka a wurin amshi, inda matan suke girgiza caki gaba ɗaya. Faith ta duba, ga ɗan tsini yana leƙowa daidai nan. Ta danne shi. A karo na uku Fure ba ta ɗaga hannu ba, kafaɗarta ce ta fara motsi.

An ƙwace mini kujera. Miyar ta ƙone.

Juma'a, 27 ga Satumba, da safe

Joshua ya iso daga Ibeto a kan babur. Jakarta tana ɗaure a bakin gado. Ba ta kwance ta ba. Ban tambaya ba.

Asabar, 28 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Philip ya zo ƙarfe goma, keke yana jira a waje. Faith ta ce kafin ya taɓa komai ya zauna ya rufe ido. Ta yi ta sauya masa, ta bara, ta bana, ba ta gaya masa wace ce wace ba. Ni da Fure da Joshua muna bakin ƙofa.

Ya buɗe ido ya ce, “Cakin ya zauna. Wa ya yi miki saman nan?” Ta ce, “Ni da layi da Kaka Fure.” Ya ce, “Layi? Ke? Wa ke kirana mai sandar makaho?” Ta ce, “Rufe mini baki ka faɗi aibinta.” Ya ce bugun ƙasa ya ɗan kumbura, yana danne tulu. Ba ta yi fushi ba. Ta dubi tsaunukan hagu, ta sa yatsa ta ce, “Gaskiyarka, ga shi nan.” Ta rage, ta kunna, ya gyaɗa kai.

Mai keke ya danna hon. Faith ta miƙe ta ce, “To, ɗauki sifikun.”

Na jingina da bango. Philip ya tsaya bai motsa ba. Ta ce, “Me kake jira? Da kwamfutar duka, ka riƙe ta da kyau. Coci za ka kai mini su. Gobe matan nan za su ji waƙarsu, kuma ina so su ga muryoyinsu a fuskar kwamfuta. Litinin da safe ka dawo mini da su ɗakin nan, waƙar bikin wata Zainab tana jirana tun watan jiya.”

Joshua ya ce, “Ibeto fa?” Ta ce, “Baba, zan zo cin sabuwar doya.” Ya dube ni, na dubi sama. Fure ta rangaɗa guɗa, Faith ta ce wannan kam ta ji ta.

Kunnen bai dawo ba. Gyaren yana nan, ta gaya mini da safe. Ba zan rubuta abin da ba haka ba.

Amma na sa rigata, na bi unguwa gida gida, na fara da Alhaji Maigandi, ya ce zai tsaya daga bakin taga. Abin da na gaya musu shi zan rubuta a nan, domin bakina bai gaji ba. Gobe bayan sujada, ƙarfe sha biyu, a ɗakin taro na coci. Masu kunne biyu ku zo, masu ɗaya ku zo, tsofaffi irina da suka ɗauka tsuntsaye ne suka ragu ku matso gaba kusa da ni. Jikata za ta kunna aikin hannunta. Ku zo da 'ya'yanku da maƙwabtanku, ku zo ku gani!